Hukuncin zama a wajen kiɗa a ƙasar Kabi

Taron kiɗa a ƙasar Kabi iri biyu ne. Akwai na sarari, irin bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, inda makaɗa ke dukan kalangu cikin kwale-kwale a Matan Fada da rana tsaka, sarakuna na kallo. Akwai kuma na dare: ajo ko wasan biki a ƙofar gida, ko a ƙaramin zauren taro a unguwa irin Gesse a Birnin Kebbi, inda makaɗa ke karɓa-karɓa, jama'a na liƙi har dare ya raba. Na biyun ne ke shan suka a bakin masu wa'azi, alhali kalangun ɗaya ne.

A littattafan fiƙihu, muhawarar ta fi karkata ga kayan kiɗan kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban ilimi ke karantawa a zaurukan Gwandu da Jega, ta hana mutum ya saurari kayan kiɗa da gangan, kuma akasarin malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haka, sai dai sun keɓe ganga mai fuska ɗaya ta bikin aure. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 1064, bai yarda hadisan hanin sun inganta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rataya yawancin hukuncin ga halin mai sauraro da abin da ake faɗa, ko da yake shi ma ya hana sarewa da kayan tsirkiya.

Saɓanin ya shigo gidan masu jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kiɗan fadar sarakunan Hausa, amma a rubuce-rubucensa na bayan nasara, musamman Najmul Ikhwan, ya sassauta, ya nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa jama'a a kai. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya tsaya a kan tsanani. Duk da haka tambari bai bar fadojin daular ba, har da fadar Gwandu.

Mutanen gari kuwa ma'auninsu dabam ne, kuma ya fi kusa da na Gazali ko da ba su karanta shi ba. Tambayarsu ita ce su wa ke wurin, me ake waƙewa, kuma ko an bar salla ta wuce. Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakunan Kabi waƙa, ana ambatonsa da girma. Muhammadu Gambo Fagada, wato Gambu, ɗan yankin Maiyama, ya yi amfani da kalangu irin na kowa, amma ɓarayi ya wasa, yana zuga su. Da ya bayyana tubarsa daga baya, abin da jama'a suka ɗauka ya tuba daga gare shi shi ne zugar, ba fatar kalangun ba.

Tun kafuwar Izala a 1978 da ƙaddamar da shari'a a Jihar Kebbi a 2000, wa'azin hani ya ƙara ƙarfi, kuma gidaje da dama sun maye gurbin wasan dare da walima. Abin da ake ƙorafi a kai a yawancin lokuta shi ne cakuɗuwar maza da mata, da shaye-shaye, da almubazzaranci wajen liƙi, waɗanda ko malaman da suka halatta kiɗa ba su halatta su ba.