Sayen Kifi Rana Ɗaya Ne

A Haɗeja kifi ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun kama tarwaɗa da karfasa a fadama, ba su kuwa taɓa saya musu abinci ba, gama kogi ne ke ciyad da su, ambaliya kuma ta na sabunta ruwa kowace damina. Amma wanda ya ajiye kifi a gida, ko cikin akwatin gilashi domin ado, ko cikin tanki domin kasuwa, ya ɗauki aikin kogi bisa kansa.

Kashin kifi ya kan zama dafi cikin ruwa. Saboda haka a kan sa mataci mai soso, wanda ke tare dauɗa. Cikin soson nan akwai ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, su ne ke karya dafin. In soso ya toshe, a wanke shi da ruwan da aka ɗiba daga wurin kifin, gama maganin da ke cikin ruwan famfo ya kan kashe ƙwayoyin. Kowane mako kuma a sāke wajen rubu'in ruwan. Ga kuɗin abinci, ga na lantarki ko man fetur. Wanda ya gaji, wata safiya za ya tarar da kifinsa ciki sama.

Har koginmu ma ya na koya mana wannan. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwa ta sāke, kacalla ta toshe hanyoyinsa. A sare ta bana, baɗi ta komo.

Haka zuciya ta ke. Mutane da yawa sun karɓi baptisma da murna, yau kujerunsu wofi ne cikin majami'a. Ba rana ɗaya su ka fāɗi ba. Addu'a ce aka bari, aka riƙe ɗan'uwa a zuciya, aka ɓoye zunubi, har dauɗa ta taru. Shi ya sa Ubangijinmu Yesu, cikin Luka 14:28-30, ya gargaɗi mai son gini ya fara lissafta abin da za ya kashe.

Ɗan'uwa, yaushe rabonka da wanke matacin zuciyarka? Kada ka jira Lahadi. Ka durƙusa daren yau, ka furta, gobe kuwa ka nemi wanda ka ɓata wa rai. Allah shi ba mu ƙarfin jimrewa har matuƙa. Amin.