Haƙorin da Ya Yi Shiru

Kwana tara turmina na ƙasa, ɓangaren hagu, ya hana ni barci. Kanumfari, ruwan gishiri mai ɗumi, ƙwayoyin kemis ɗin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, babu abin da ban gwada ba. A dare na goma sai ya yi tsit. Na yi sujadar godiya, da safe na sayi ƙosai na raba wa almajirai.

Bayan mako uku dasashina ya kumbura, yayata ta matsa sai na je Asibitin Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya. Likita ta ɗora auduga mai sanyin ƙanƙara a kan haƙorin da ke maƙwabtaka da turmin nawa, na zabura. Ta ɗora a kan mai ciwon, ko gezau. Da ta ƙwanƙwasa shi kuwa, har tsakiyar kaina na ji. Hoto ya nuna baƙin tabo a ƙarshen saiwa.

"Malam, ba warkewa ya yi ba," in ji ta. "Jijiyar ce ta mutu."

Ta ce in sanyi ya taɓa haƙori ya yi tsami ya sake nan take, cikewa kan wadatar. In zogin ya zauna, yana tayar da mutum cikin dare, jijiyar ba za ta farfaɗo ba. In kuma ya yi shiru irin nawa, ƙwayoyin cuta sun gama da ita, sun gangara ƙashi.

A adaidaita sahu, hanyar gida, tambaya ɗaya ta riƙe ni: na gode wa Allah ne a kan mutuwar wani sashe na jikina? Na kai wa limaminmu a Tarauni bayan Magariba. Ya ce godiya ba ta faɗuwa ƙasa, barcin da na samu ni'ima ce. Na yarda. Amma ni na san inda na kuskure. Na ɗauki zogi a matsayin cutar, alhali ɗan aike ne, kwana tara yana sallama a ƙofata ina toshe masa baki da kanumfari, ina kiran hakan haƙuri. Haƙuri yana kan abin da ya fi ƙarfin bawa. Zama da cutar da Allah ya saukar wa magani, ga asibiti a unguwa, sakaci ne.

Saura zaɓi: cirewa ko wanke saiwa. Cirewa ta fi araha, abokai kuma suka ce cikin 32 ɗaya ba ya rage komai. Ban iya kallonsa haka ba. Jiki amana ne, tunda likita ta ce gangar haƙorin za ta riƙe, ban ga hujjar yar da shi ba. Zuwa biyu na yi. Ta kashe wurin da allura, ta wanke hanyoyi 3 da ke cikin saiwoyin, ta toshe su.

Ɗan'uwa, in haƙorinka ya daɗe yana zogi sannan ya yi shiru da kansa, don Allah je a duba shi cikin makon nan.