Amana a Cikin Kwalin 'Yan Tsaki

Duk wanda ya daɗe a Kumasi ya san sunan Kwabena Darko. An haife shi a Bekwai a 1942, ya koyi kiwon kaji a ƙasar Isra'ila, sa'an nan a 1967 ya kafa gonarsa, Darko Farms, da kaji 900. Gonar ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan wuraren ƙyanƙyasa a Gana, shi kuma aka san shi da hidimar Ubangiji kamar yadda aka san shi da kaji. Labari irin wannan yana da daɗin faɗa a kan mumbari: ga mai tsoron Allah, ga albarka ta biyo baya. Amma a ƙananan garuruwa kewaye da Kumasi akwai masu ƙyanƙyasa da ba a san sunansu ba, mai inji ɗaya, mai biyu, waɗansunsu dattawan ikkilisiya. A ina za a duba bangaskiyar irin wannan mutum? A kujerar gaba ran Lahadi, ko a wurin sana'arsa?

Sana'ar tana da wani hali da ya sa tambayar ta yi nauyi. Mai sayen doya yana iya juya ta, ya latsa. Mai sayen tsako ɗan kwana ɗaya ba abin da idonsa zai nuna masa, gama dukansu tubarkalla ne, suna ta tsiwa a kwali. Ƙwai yakan yi kwana 21 a inji, da zafi kusan digiri 37 da rabi, ana juya shi. In wuta ta ɗauke da dare, ƙwan ya daɗe a sanyi, waɗansu za su fito kumamai, mai injin kaɗai ya sani. Akwai ciwon Marek, mai shanye ƙafafun kaza bayan makonni ko watanni, allurar rigakafinsa kuwa a ranar ƙyanƙyasa ake yi. Ko an yi, ko ba a yi ba, tsakon ba ya faɗa. A waɗansu irin kajin ma, ana iya cusa zakaru cikin mata. Kazar ƙwai sai ta kusa wata biyar take fara yi. Ashe matar da ta kwashe kuɗin adashinta daga Aboabo ko Asawase ta sayi tsaki 100, za ta yi ta zuba musu abinci wata da watanni kafin ta gane abin da aka sayar mata. A lokacin kuwa wa zai iya kama mai laifi? Sai a ce iska ce, ko rashin kulawarta.

Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke ƙagara ranar hutu ta wuce domin su koma rage mudu, su sayar da ƙaiƙayi haɗe da alkama. Abin lura shi ne, mutanen nan suna kiyaye ranar hutun. Masu ibada ne. Saboda haka kwanon rufi da mai ƙyanƙyasa ya saya wa majami'a ba ya wanke kwalin da ya cika da kumamai, dattawan da suka karɓi kyautar ba su tambayi kome ba su ma suna da rabonsu a ciki.

Wani zai ce kasuwa ta yi wuya, gaskiya ne kuwa. Daskararrun kaji daga Turai, Amurka da Burazil sun karya farashi. A 2003 majalisar dokokin Gana ta ɗaga harajinsu daga kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, ba a jima ba aka janye. Ɗaukewar wutar da ake kira dumso ta kai matuƙa a 2015, man janareta ya cinye riba. Mutumin nan yana da ma'aikata, yana da 'ya'ya a makaranta. Duk wannan yana ba shi dalilin ƙara farashi, ko ya ware kumamai ya sayar da su da rahusa a fili, zakara kuma a kira shi zakara. Bai ba shi dalilin ɗora hasararsa a kan wadda ta fi shi talauci ba da saninta ba.

Zangon Kumasi da amana ya ginu. Fataken goro sukan sauka wurin maigida, su bar kaya da kuɗi a hannunsa ba takarda. Yawancin jikokinsu Musulmi ne, ba za su shiga majami'a su ji wa'azi ba, amma suna sayen tsaki, sun kuma san wanda ke sayarwa Kirista ne. Ranar da injin ya yi sanyi da dare, Hajiya kuma ta zo da safe da kuɗinta a hannu, abin da ya kamata ya fito daga bakinsa shi ne, "Hajiya, wannan zubin bai yi kyau ba, ki yi haƙuri ki jira na gaba." Mai yiwuwa ta jira. Mai yiwuwa ta wuce wurin wani, shi kuma ya yi hasarar ƙwai da man mako uku.