Mai Alat na Bogi da Shirun Bankuna

A Kantin Kwari, idan wani ya ɗauki atamfa turmi biyar, ya nuna alat a wayarsa, daga baya aka ga kuɗi ba su shigo ba, mai shagon ba ya haɗiye maganar don kunya. Leƙawa yake yi wurin maƙwabcinsa: "Alhaji, a kula, dogo ne mai jar hula, ga sunan da ke kan rasit ɗinsa." Kafin la'asar duk layin ya sani. Ciniki suke ƙwace wa juna kullum, amma kowa ya san gobe ƙofarsa za a zo.

Bankuna sun daɗe ba su yarda da wannan ba, kuma abin ya ci su. A Janairun 2015 masu kutse suka kwashe kusan dala miliyan 12 daga Banco del Austro na Ekwado ta hanyar saƙonnin ƙarya a SWIFT, tsarin da bankuna ke aika wa juna umarnin tura kuɗi. Ba a sanar da SWIFT ba. A ƙarshen shekarar aka gwada irinsa a TPBank na Biyetnam, bankin ya tare, labarin bai bazu ba. Sai Fabrairun 2016 aka afka wa babban bankin Bangaladesh, dala miliyan 81 suka tsallaka Filifin, akasarinsu suka narke a gidajen caca na Manila. Bayan nan ne duniya ta ji labarin biyun farko.

Na fahimci tsoron banki: kada masu ajiya su ji an shigo masa su kwashe kuɗinsu. Sai dai ba wanda ya ce a tona asirin mai ajiya. Kamannin ɓarawo ake nema: adireshin da saƙon yaudarar ya fito, tambarin muguwar manhajar da aka dasa, lambar asusun da aka fara tura kuɗin. Don irin wannan musayar tsakanin bankuna aka kafa cibiyar FS-ISAC a Amurka tun 1999.

A Najeriya, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet a 2024 ya rage wa'adin kai wa hukuma rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. Ci gaba ne, amma kuɗin sata ba sa jiran kwana uku. Cikin mintuna ake rarraba su asusu-asusu, a cire a wurin masu POS. Kuma rahoton da ya tafi Abuja bai gama aikinsa ba sai ya sauko ga ƙaramin bankin al'umma da ba shi da ma'aikatan tsaron kwamfuta ko biyu, wanda a cikinsa albashin malamin firamare yake kwana.