Mai Kwasar Ƙarshe: Adashi Da Adalci A Zamanin Tsada

Masu iya magana kan ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A unguwar Fadikpe ta garin Minna, inda Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Yarabawa ke maƙwabtaka, adashi na daga cikin shaidun wannan magana. Yarabawa na kiransa esusu, Nufawa kuwa dashi, amma tsarin ɗaya ne: kowa ya yi zubi, mutum ɗaya ya kwashe, har zagaye ya cika. Babu takarda, babu jingina, sai amanar uwar adashi da kunyar idon jama'a.

Adashi ya tsallake tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Da takardun naira suka yi ƙaranci a farkon 2023, zubi da yawa ya koma ta waya. Sai dai bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, har mata suka tare hanya a shataletalen Kpakungu a watan Fabrairun shekarar. A nan ne tambayarmu ta taso.

Mu ƙaddara mata goma sha biyu ne ke zuba naira dubu biyar-biyar duk wata. Ta farko da ta ƙarshe duk dubu sittin za su kwasa, amma abin da kuɗin ya sayo wa ta farko ba zai sayo wa ta ƙarshe ba. Shin an yi adalci? Idan aka ƙara mata, an faɗa cikin riba. Idan aka bar ta, ita kaɗai ta ɗauki asarar kowa.

Wasu sun gajarta zagaye zuwa mako-mako, wasu sun koma adashin shinkafa da mai, domin mudu ba ya ramewa kamar naira. Mu a ganinmu, maganin da ya fi shi ne ta ƙarshe a bana ta zama ta farko a baɗi, kuma mai hali ya jinkirta wa mai lalura. Jiran ƙarshe rance ne marar ruwa da mutum ya bai wa 'yan'uwansa. Wajibi ne a san da shi, a kuma rama.