ZANGON KWANA UKU: IBADA CE KO SHAGALI?



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ranar Juma'a ya san yadda Wudil take cika. Tun daren Alhamis Fulani da dillalai da direbobin manyan motoci suke sauka saboda kasuwar shanu, kowa ya nemi inda zai shimfiɗa tabarma, ya kwana kusa da wanda bai taɓa gani ba. Ba mai cewa sun ɓata lokaci, gama kowa ya san riba ce ta kawo su. Amma da iyalan Ikilisiya suka yi shawarar barin gidajensu bayan kaka, su yada zango na kwana uku a harabar majami'a, da 'ya'yansu da tabarminsu da tukwanensu, domin waƙa da rawa da addu'a da cin abinci tare, sai magana ta tashi.

Wani dattijo manomi daga ƙauyukan kudu da Wudil ya same ni bayan Hadaya, ya ce, "Fada, ina da tambaya, kada ka ji haushi. Allahn da yake zango ba shi ne yake gidana ba? In na biya kuɗin mota na mutum bakwai, na ɗebi hatsi daga rumbu, na bar awaki a hannun maƙwabci, duk don mu je mu yi tsalle, me zan ce wa yara in damina ta yi nisa tuwo ya ƙare?" Na ce, "Baba, ka ba ni lokaci." Ban so in sallame shi da amsar da ba ta da nauyi ba, domin tambayarsa ta mai hankali ce. Abin da na samu bayan tunani shi ne nake so in shimfiɗa a gabanku.

Da farko, gaskiyar dattijon ce cewa Allah ba ya bukatar mu bar gida kafin ya ji mu. Gaskiyarsa ce kuma cewa ciyar da iyali wajibi ne, zuwa zango kuwa ba wajibi ba ne. Mutumin da ya ci bashi, ko ya sayar da irin shuka, domin kada a ce bai zo ba, bai yi ibada ba; kunyar mutane ya ji. Haka kuma in hanya ba lafiya, hikima ce a zauna. Ikilisiya ba ta ɗora wa kowa wannan kaya ba.

Duk da haka, Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa Allah da kansa ya taɓa umartar jama'arsa su fita daga ɗakunansu. A Littafin Firistoci sura 23 an kafa Idin Bukkoki: a rana ta 15 ga wata na bakwai, bayan an tattara amfanin gona, Isra'ilawa za su zauna cikin bukkoki har kwana bakwai, domin zuriyarsu ta tuna cewa kakanninsu a bukkoki suka zauna sa'ad da aka fito da su daga Masar. Ku lura da lokacin da aka zaɓa. Sa'ad da rumbu ya cika ne zuciyar mutum takan fara ce masa hannunsa ne ya yi. A daidai wannan lokaci ake fitar da shi daga ɗakin da yake da ƙyaure da sakata, a kwantar da shi ƙarƙashin ganye, ya ji sanyin dare, ya tuna cewa duniya zango ce, kamar yadda fatake suka sani tun dā. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan hikima, gama gardawa sukan fita bayan gari su kafa kiskadi domin karatu ya zauna. Gida yana da daɗi, amma yana da hayaniyar da takan toshe kunne.

Na biyu, batun rawa. Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, kuma ba a banza ba. Littafin Fitowa ya ba mu rawa iri biyu. A sura 15, Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki ganga, mata suka bi ta da rawa, domin Allah ya cece su a bakin teku. A sura 32, jama'ar nan ɗaya suka yi rawa a gaban ɗan maraƙin zinariya, har Musa ya farfasa allunan Doka don fushi. Ƙafafun ɗaya ne, wataƙila kiɗan ma bai bambanta ƙwarai ba. Bambancin yana wajen wanda aka sa a tsakiyar fili. Sarki Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban Akwatin Alkawari, matarsa Mikal ta raina shi daga taga, Littafi kuwa bai goyi bayan Mikal ba. Saboda haka tambayar da ta kamaci Kirista ita ce: wa nake yi wa wannan rawa? In budurwa ta shiga fili domin samari su gani, ko ƙungiyar mawaƙa ta raira domin ta kunyata ta wani ƙauye, to an mai da maraƙin tsakiya, ko da sunan Yesu yana cikin waƙar. In kuwa tsohuwa ta tashi da sandarta tana taka ƙasa domin Allah ya kai ta wata kaka, jikinta ne yake faɗin abin da bakinta ya kasa.

Ikilisiya ba ta ƙyamaci wannan ba. A 1988 Roma ta amince da tsarin Hadaya na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, inda motsin jiki da kiɗa suke da wurinsu a cikin sujada. A nan ƙasarmu kuwa, wa bai ga yadda Zumuntar Mata suke mai da tulun ƙasa abin kiɗa ba? Tulun da ake ginawa a gari irin Wudil domin ɗiban ruwa, shi ne yake yabon Mahalicci a hannunsu. A Turai ma, inda muke zaton ba su san irin wannan ba, matasa suna kwana a tantuna a Taizé ta Faransa, wurin da Ɗan'uwa Roger ya kafa a 1940, suna waƙa da addu'a sau uku a rana. Tun 1975 kuma iyalai sukan taru da rani a Paray-le-Monial, manya da yara, domin yabo da koyarwa.

Na uku, kuma a ganina mafi nauyi, shi ne zaman tare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Waƙa tana da sauƙi. Raba rijiya ɗaya da mutum ɗari shi ne gwaji. A nan dole in faɗi laifina. A wani zango da na jagoranta, na yi wa'azi mai tsawo a kan Ayyukan Manzanni sura 2, yadda masu bi na farko suka mallaki kome tare. Da na gama aka kai ni ɗaki mai kujera, aka ajiye mini kwano mai nama, ni da manyan baƙi. Da maraice wata uwa daga cikin masu girki ta ce mini, "Fada, an ce wa'azinka ya yi daɗi. Mu dai hayaƙi muka sha." Kwana uku suna kan murhu tun asuba, ba su ji koyarwa ko ɗaya ba, mazansu kuwa suna inuwa. Hutun da muka kira na iyali ya zama hutun maza, mata kuwa aikinsu ya ninka. Ban sami abin da zan ce mata ba.

Waliyi Bulus ya tsauta wa Korintiyawa a kan irin wannan, a wasiƙarsa ta fari sura 11, domin a taronsu wani yakan ƙoshi, wani yana jin yunwa. Maimaitawar Shari'a sura 16 kuma, da take maganar Idin Bukkoki, ta lissafa waɗanda za su yi murna tare: ɗa da 'ya, bawa da baiwa, baƙo da maraya da gwauruwa. Idin da ya bar mai hidima a waje bai cika ba. Bayan taron Bishop-bishop na Afirka na 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa hannu a Yawunde, a 1995, a kan wasiƙar da ta bayyana Ikilisiya a matsayin Iyalin Allah. A ƙarshen shekarar nan ce aka ɗaga matsayin Ikilisiyar Kano, kafin ta zama cikakkiyar Dayosis a 1999. Mu ƙaramin garke ne, warwatse cikin ƙauyuka da bariki da makarantu: Bahaushe manomi, ɗan kasuwa daga Kudu, ɗalibin jami'a, ɗan sanda da aka kawo horo Wudil. Ranar Lahadi mukan gaisa a ƙofar majami'a mu rabu. Sai a zango ne ɗan mai shago yakan kwana tabarma ɗaya da ɗan manomi, ya gane cewa sunan iyali da muke kira yana da farashi.

Saboda haka ga amsata ga Baba, da ku duka. Zango yakan zama ibada in an kiyaye abu uku. Kada a karɓi abin da zai hana matalauci zuwa. Mai hali ya ɗauki nauyin marar hali a ɓoye, ba tare da an kira suna ba. A raba aiki bi da bi, maza su ɗebo ruwa su faskara itace, samari su wanke kwanuka, Fada ma ya ci daga tukunyar da kowa ya ci. A kuma ba shiru haƙƙinsa: bayan kiɗa a sami sa'ar da ganga za ta kwanta, a yi Rosari, a je ikirari, miji da mata su zauna su faɗi abin da suka daɗe suna ɓoyewa.

Sauran magana ita ce komawa gida. A kan dutsen da Ubangijinmu ya sāke kama, Bitrus ya so ya kafa bukkoki uku su zauna can. Ba a bar shi ba. Suka sauko, a gindin dutsen kuwa wani uba yana jira da ɗansa marar lafiya. Ba a auna zango da zaƙin waƙar daren ƙarshe. A mako na biyu bayan an koma ake auna shi. Shin maigidan da ya ɗebo ruwa a gaban jama'a zai ɗebo wa matarsa in ba mai gani? Shin waɗanda suka riƙe hannu a fili za su daina shari'a a kan iyakar gona? In haka ta samu, hatsin da Baba ya ɗiba daga rumbu bai ɓata ba.

Na kai masa wannan amsa har gida. Ya saurara, ya yi shiru, sa'an nan ya ce bana zai aiko da matarsa da yara, shi kuwa zai tsaya wa awaki, har da na maƙwabcinsa, domin shi ma ya samu ya je. Na ce masa, "Baba, ai kai ka riga mu shiga zangon."

Allah ya albarkaci iyalanmu, ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ta wurin roƙon Budurwa Maryamu, Uwar Ikilisiya. Amin.