Gumin Ma'aikaci: Abin da Markis Ya Gani da Abin da Ya Ɓace Masa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai arzuta bayi, wanda ya haramta wa kansa zalunci kuma ya hana shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki don lada tun yana saurayi, ya kuma yi fatauci da dukiyar Nana Hadiza cikin amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, a watan Disamba na shekarar 1991 Tarayyar Sobiyet ta rushe, bayan katangar Balin ta faɗi a 1989. A wannan lokaci mutane da yawa sun ce an yi jana'izar gurguzu, an binne ta tare da littattafan malaminta Karl Markis, masu dukiya kuma suka yi ajiyar zuciya. Ga shi an haura shekara talatin, amma sunan mutumin bai fita daga bakin ɗaliban jami'a da ƴan sandika ba. Matasanmu suna karanta shi, suna zuwa masallaci da tambayoyi. Idan ba mu da amsar da za mu ba su sai cewa kafiri ne, to, za su tafi da tambayarsu wani wuri. Don haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan abin da ya faɗa, mu auna shi da ma'aunin Shari'a.

Wane ne Markis, me kuma ya gani?

An haifi Markis a garin Tiriya na ƙasar Jamus a 1818. Rubuce-rubucensa suka sa hukumomi suka riƙa korarsa daga ƙasa zuwa ƙasa, har ya zauna a Landan daga 1849 zuwa mutuwarsa a 1883. Ya daɗe cikin talauci da bashi, huɗu daga cikin ƴaƴansa bakwai sun mutu suna ƙanana. Wanda ya riƙa ɗauke masa nauyi shi ne abokinsa Engels, ɗan wani attajiri mai hannun jari a masana'antar zare a Mancesta. Tare suka fitar da sanarwarsu ta gurguzu a 1848, shi kuma Markis ya fitar da juzu'in farko na babban littafinsa a kan jari a 1867.

Ingilar da suka gani ita ce kan gaba a duniya wajen masana'antu. Injuna suna fitar da tufafi fiye da abin da aka taɓa gani, amma masu tsayuwa gaban injunan suna aikin awa goma sha biyu ko fiye, suna kwana a ɗakuna masu danshi, suna mutuwa da ƙuruciya. Yara ƙanana suna cikin ma'aikatan, har sai da aka yi doka a 1833 mai hana ɗaukar wanda bai kai shekara tara ba a mafi yawan masaƙu. Markis ya dubi wannan ya yi tambaya ɗaya: yaya dukiya take ƙaruwa, masu samar da ita da hannunsu kuwa ba sa fita daga fatara?

Lissafin da ya yi

Amsarsa ita ce gishirin karatunsa duka. Ya ce wanda ba shi da gona, ba shi da injin, ba shi da jari, abu ɗaya ya rage masa ya sayar, wato ƙarfin jikinsa. Mai jari yana sayen wannan ƙarfi da kuɗin da zai ishi ma'aikaci ya ci ya kwana ya dawo gobe. A ƙaddara masaƙi ya yi awa goma sha biyu. Cikin awa shida na farko ya saƙa abin da ya kai ladansa na yini. Abin da ya saƙa a sauran awa shidan, shi ne rarar da ke shiga aljihun mai masaƙa. Da wannan rara ake sayen sabon injin, sabon injin ya rage yawan hannun da ake buƙata, waɗanda aka sallama su taru a bakin ƙofa, tsoronsu kuma ya hana na ciki neman ƙari. Babban ɗan kasuwa ya haɗiye ƙarami, dukiya ta riƙa taruwa a hannun ƴan kaɗan. Lokaci zuwa lokaci kaya su cika rumbuna babu mai iya saye, kasuwa ta karye, a kori mutane ga abinci jibge. Hausawa sun taƙaita wannan tuntuni da suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maganin da ya bayar shi ne ma'aikata su haɗa kai su ƙwace mulki, a soke mallakar gonaki da masana'antu ga ɗaiɗaikun mutane, komai ya zama na gama-gari.

Inda ya yi gaskiya

Ya ƴan'uwa, musulmi ba ya ƙin gaskiya saboda bakin da ta fito. A hadisin Abu Huraira (R.A) da ɓarawon abincin zakka, Manzon Allah (S.A.W) ya tabbatar da cewa Shaiɗan ya faɗi gaskiya game da falalar Ayatul Kursiyyu, duk da kasancewarsa maƙaryaci. To, ciwon da Markis ya nuna yana nan, kuma Alƙur'ani ya riga shi nunawa da fiye da shekara dubu. Suratul Muɗaffifina ta yi alkawarin azaba ga mai cika mudu idan zai karɓa, ya tauye idan zai bayar. Aya ta 7 a Suratul Hashri ta bayyana cewa ba a so dukiya ta zama mai kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi barin riba. Bukhari ya ruwaito hadisin ƙudusi game da mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa cif, sannan ya hana shi ladansa. Malaminmu na mazhabar Malikiyya, Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya rubuta cewa asalin abin da mutane ke samu na dukiya ƙimar aikin ɗan'adam ne. Saboda haka idan saurayi ya ce mana ana cin gumin talaka, kada mu ce masa gurguzu ta shige shi. Maganar Littafinmu ce ya tsinto a hannun wani.

Inda ya ɓata

Ɓatansa na farko, kuma mafi girma, shi ne ya kore samuwar Allah. A wurinsa yadda mutane ke samar da abin masarufi da yadda suke mallakarsa shi ne tushen tarihi, addini da ɗabi'a kuwa rassa ne da suka tsiro a kai. Wanda ya cire hisabi daga lissafinsa, da me zai tsare hannun mai ƙarfi idan mulki ya koma gare shi?

Na biyu, ya ɗauki kowace ribar mai jari a matsayin gumin wani. Shari'a ta bambance. Allah ya halatta ciniki, ya haramta riba. Wanda ya sa dukiyarsa inda za ta iya salwanta yana da haƙƙin rabo, shi ya sa fiƙihunmu ya zo da babin ƙiradi: wannan ya kawo kuɗi, wancan ya kawo ƙarfi da basira, a raba abin da aka samu bisa kason da aka yi yarjejeniya, in an faɗi kuwa mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Sayyidina Usman da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A) attajirai ne, kuma suna cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna.

Na uku, ya zaci kwaɗayi yana zaune a cikin takardar mallaka, in an yaga ta ya mutu. Kwaɗayi kuwa a zuciya yake. Adalci ya sa mu faɗa cewa Markis ya mutu shekara 34 kafin juyin Rasha na 1917, bai sa hannu a abin da aka aikata da sunansa ba. Amma itace da ƴaƴansa ake gane shi. Da Istalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu, yunwar 1932 da 1933 ta kashe miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan. A ƙasar Sin yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyi masu yawan gaske. An rufe dubban masallatai a ƙasashen su Bukhara da Samarkandu, mahaifar manyan malaman hadisi. A Albaniya, a 1967, hukuma ta rufe dukan masallatai da majami'u. Dukiyar da aka karɓe daga attajirai ta koma hannun manyan jam'iyya, ma'aikaci ya rasa har bakin yin kuka. Garin neman gira aka rasa ido. Maƙwabciyarmu Benin ta rungumi wannan aƙida a 1974 zamanin Kereku, ta sake ta a ƙarshen 1989 lokacin da baitulmali ya kasa biyan albashi.

Faɗuwar gurguzu ba ta wanke jari-hujja ba

Mutuwar mai ƙara ba ta mai da wanda ake ƙara mai gaskiya. Manyanmu suna tune da shekarun da Bankin Duniya da asusun FMI suka gindaya wa ƙasashenmu sharuɗɗan tsuke bakin aljihu saboda bashi mai ruwa, da kuma watan Janairu na 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar, magani da kayan waje suka yi tsalle, albashi kuwa bai bi su ba. A 2008 cinikin bashi a kan bashi ya girgiza manyan bankunan Amurka, aka ceto su da kuɗin jama'a, miliyoyin talakawa suka rasa gidajensu. A 2013 wani bene na masu ɗinkin tufafi ya rushe a Bangaladash, fiye da mutum 1,100 suka mutu, akasarinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kaya, alhali an ga tsagewar bangon tun jajibirin ranar aka ce su koma aiki. Wannan ita ce Mancestar da Engels ya gani, ta sauya gari ne kawai.

Tuhumar da ta shafe mu

Ya bayin Allah, ga wurin da ya fi cancanta mu tsaya. Markis ya kamanta addini da ƙwaya mai gusar da zafi, wadda ake bai wa wanda aka zalunta ya lafa, ciwon kuwa yana nan. Wannan ƙarya ce a kan addinin Allah. Amma tana iya zama gaskiya a kan wasu masu ɗauke da shi, kuma aya ta 34 a Suratut Tauba ta ba da labarin malaman da suka gabata masu cin dukiyar mutane da ɓarna. Duk ranar da mai wa'azi ya fuskanci sahun baya ya yi ta karanta ayoyin haƙuri, ya juyo ga sahun gaba ya rasa abin faɗa sai addu'ar ƙarin buɗi, to, ya zama shaidar Markis ba tare da ya sani ba. Abu Zarri Algifari (R.A) bai yi haka ba a Sham, ya tsaya gaban masu taskace zinariya da azurfa ya tsoratar da su, ya ɗauki abin da ya biyo baya. Sayyidina Umar (R.A) bai yanke hannu ba a shekarar yunwa, kuma ya ƙi raba ƙasar noma ta Iraƙi ga mayaƙa domin kada na baya su tarar an cinye.

Sai kowa ya dubi gidansa. Akwai mai sayen hatsi da kaka a wulaƙance, ya kulle shi har damina ta yi tsakiya, ya sayar wa manomin da ya noma shi a ninki, alhali Muslim ya ruwaito cewa mai ɓoye abinci don ya yi tsada mai saɓo ne. Akwai mai ba da tiya ɗaya lokacin yunwa ya karɓi biyu da kaka, wannan riba ce ko da wane suna aka kira ta. Akwai mai riƙe ladan magini ko ɗan barema, ya ce gobe, ya ce jibi, ga hadisin da ya yi umurni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Akwai gidan da ƴar aiki ke tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa, a biya ta abin da bai kai kuɗin katin wayar ɗan masu gida ba. Wanda ke yin ɗayan waɗannan, zuwansa Umra kowace shekara ba zai sauke masa haƙƙin ba.

Abin da ya wajaba a kanmu

Mai ɗaukar aiki ya bayyana lada tun kafin a fara, ya biya a kan lokaci, kada ya ɗora abin da ba a iyawa. Mai dukiya ya fitar da zakka da lissafi: ɗaya bisa arba'in na kuɗi da kayan ciniki, ɗaya bisa goma na amfanin gonar damina, ɗaya bisa ashirin na abin da aka shayar da wahala, ya kai ta ga masu ita, domin haƙƙinsu ce. Mai rarar kuɗi ya shiga ƙiradi da matashi mai sana'a maimakon bashi da ruwa. Ma'aikaci shi ma ya cika aikinsa, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da ba ta zubar da jini ko ƙona dukiya. Malamai kuma mu daidaita harshe tsakanin sahu da sahu.

Babu wanda zai gusa daga gaban Ubangiji ranar ƙiyama sai an tambaye shi dukiyarsa, ta ina ya same ta, ina kuma ya kashe ta. Wannan tambaya ba ta rushe tare da Tarayyar Sobiyet ba.

Ya Allah ka wadata mu da halal ɗinka ga barin haram, ka tsare mu da cin gumin wani, ka sa tausayi a zukatan mawadatanmu, ka yaye wa talakawanmu ƙunci, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.